Foldar da Na Sa Aka Ɓoye

Alhamis, 30 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Kwana biyu ke nan. Judah ya fita ranar Talata bayan mun karya, ya ce zai dawo kafin magariba. Ban tambaye shi ina za shi ba, domin ni da bakina na kafa dokar: matar malamin gona ba ta sanin hanyar mijinta, don in an tambaye ta ta ce ba ta sani ba, kuma ya zama gaskiya ta faɗa. To ga shi yanzu ana ta tambayata, gaskiyar nake faɗa, ina ma a ce ƙarya ce.

Wayarsa ba ta shiga. Wannan ba wani abu ba ne, da mutum ya bar gari sabis ya ɗauke. Na faɗa wa Mama, uwarsa, haka sau uku jiya, ta gyaɗa kai sau uku. Na yi tuwo da rabonsa, na rufe a kula.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Duk babur ɗin da ya wuce layinmu sai na miƙe. Ann, 'yarmu, ta tambaye ni ko ƙwaro ne a kujerar. Shekararta huɗu, bakinta irin nawa ne, Allah ya shirye mu.

Asabar, 1 ga Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yaya Solomon, wan Judah, ya zo tare da Malam Ɗalha, shugaban ƙungiyar manoman da Judah ke yi wa aiki. Suka zauna a ƙarƙashin mangwaro, na kawo ruwa, babu wanda ya sha.

Yaya Solomon ya ce, "Maman Ann, ba wani abu muke so ba. Randagi ya nufa ko Kutemeshi? Mu san inda za mu fara tambaya."

Na ce ban sani ba.

Malam Ɗalha ya ce, "Malama, ai yana rubuta tafiye-tafiyensa a kwamfuta. Rana da hanya, duk yana sawa."

Na ce da can ne, yanzu ya goge. Ni na sa ya goge.

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda ba zan iya faɗa da baki ba. A watan Maris aka yi taron rajistar taki a makarantar firamare. Judah ya juya wa manoma kwamfutar don kowa ya ga an rubuta sunansa daidai. Manhajar da yake rubutu a ciki tana da jeri a gefen hagu, inda sunayen foldoji da fayil-fayil suke bi da bi. Ina tsaye a baya sai na hango ɗaya a fili ƙarara: hanya. Ga wani mutum da ban taɓa gani ba, mai jar hula, ya kafa wa allon ido. A garin nan, inda mutanen daji suke sanin ranar da mutum zai fita tun kafin matarsa ta sani!

Da muka koma gida na sauke masa kwandon masifa. Na ce ya kwashi ransa ya baje a faranti, na ce ya goge abin nan yanzun nan ina kallo. Ya yi ɗan danne-dannensa, ya juyo mini allon, ya ce, "Kin gani? Babu." Na duba jerin daga sama har ƙasa, babu. Na ce kuma kar ya ƙara gaya wa kowa hanyarsa, har ni. Ya ce, "To, ranki ya daɗe." Har daɗi na ji a ranar, wai na yi dabara.

Yaya Solomon ya ce za su fara da Randagi, tunda can ne aikin taki bai ƙare ba.

Lahadi, 2 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

An ambaci sunansa a addu'a a coci. Ban so ba. Na san su waye ake ambata a wannan wurin na addu'a.

Talata, 4 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Yaya Solomon ya dawo daga Randagi, laka har gwiwa. Ƙauye huɗu ya zaga. Ba wanda ya ga Judah tun farkon Mayu. Ya ce zai koma jibi ya bi ta ɗaya ɓangaren. Idonsa ya faɗa, bai yarda ya kalli Mama ba.

Bayan ya tafi na ciro kwamfutar daga ƙarƙashin katifa. Lambar buɗewa ranar haihuwar Ann ce. Ta buɗe a inda ya bar ta, baƙin allo, rubutu fari da kore, jerin nan a hagu. Folda shida: iri, manoma, rahoto, taki, taro, wasiƙu. Na karanta su kamar in na daɗe ina kallo ta bakwai za ta fito don kunya. Batir ya nuna saura rabi, wuta kuma rabonmu da ita tun Juma'a. Na rufe.

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

An yi ruwa mai yawa. Bai ɗauki rigar ruwansa ba, ga ta nan a ƙusa.

Juma'a, 7 ga Yuni, ƙarfe uku na yamma

Malam Ɗalha ya biyo bayan an sauko daga masallaci. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce akwai abin da ke damunsa.

Ya ce, "Malama, kin ce ya goge tun Maris. Amma sati guda kafin ya tafi, a gabana, na tambaye shi yaushe rabonsa da Randagi. Ya buɗe kwamfutar, ya rubuta wani abu, sai ga ranakun sun fito. Da idona na gani."

Na ce, "Me ka gani a ciki?"

Ya ce bai karanta ba, ya kau da kai, ai ba nasa ba ne.

Na ce na gode, na rufe ƙofa tun bai juya ba. Na tsaya a bayanta. Abu biyu suka taso mini lokaci guda. Na farko, ashe Judah bai goge ba, ya yi mini wayo. Na biyu kuwa mummuna ne, amma zan rubuta: in Ɗalha ya ga fayil ɗin, to akwai wanda ya san hanyar. Mutumin da matarsa Saliha ta kwana uku a kaina lokacin haihuwar Ann. Ga abin da garin nan ya mai da ni.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Na kai kwamfutar shagon caji na sola da ke bakin kasuwa, a cikin buhun masara. Mai shagon ya ce in bar ta in dawo. Na ce ina nan. Awa biyu na zauna a kan benci da hannuna a kanta, mutane suna gaishe ni da muryar nan ta jaje da na tsana.

A gida na buɗe kowace folda, na shiga kowane fayil. Sunayen manoma ɗari uku da wani abu, buhunan iri, wasiƙun da ba a amsa ba. Na gano wurin bincike, na rubuta hanya. Ya kawo mini wasiƙa kan gyaran hanya. Na rubuta Talata, na rubuta 28, na rubuta Kutemeshi, ya kawo mini sunayen mutane. Har sunana na rubuta, ban san me nake nema ba. Babu sunana ko sau ɗaya a duk kwamfutar mijina.

Shida ne dai. Iri, manoma, rahoto, taki, taro, wasiƙu.

Lahadi, 9 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya Solomon ya sake dawowa hannu rabbana. Mama ta daina cin tuwo, sai kunu.

Litinin, 10 ga Yuni, lokacin tara a makaranta

Na koma aiki don kar in haukace. Na koyar da aji biyu, ban san me na ce musu ba. Malam Benjamin, mai koyar da kwamfuta, yana zaune a ofishin malamai yana cin gyaɗa, tebur biyu tsakaninmu. Tambaya ɗaya ce. Na buɗe baki sau biyu. Amma in na tambaya ya san akwai fayil, in ya sani matarsa ta sani, matarsa kuwa tana da shago a tasha.

Na ce masa gyaɗar nan ta bana ce? Ya ce ta bara ce.

Talata, 11 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

Sati biyu.

Na tuna faɗanmu na ƙarshe, ba na kwamfuta ba, na miya. Ba zan rubuta shi yau ba.

Laraba, 12 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Na tambaya. Na jira kowa ya fita, na ce wata ƙawata ce take da matsala, wai folda ta ɓace mata daga jerin gefen hagu, amma an ce tana nan. Malam Benjamin ya dube ni, ya ajiye jan bironsa.

Ya ce, "Malama Jemima, ki gaya wa ƙawarki jerin nan ba ya nuna duk abin da ke ciki. Abin da aka yarda ya nuna yake nunawa. Kamar a sa labule a gaban kanta ne, kwanukan suna nan."

Na ce ta yi bincike, bai kawo ba.

Ya ce, "Ba zai kawo ba. Abin da aka ce a ɓoye, binciken ma tsallake shi yake yi. Wanda ya san cikakken sunan fayil ɗin ne kawai zai kira shi kai tsaye." Ya ce a shiga saiti, akwai wurin da ake jera sunayen abubuwan da ba a so a gani. A cire sunan daga can, foldar za ta dawo. Ya zana mini a bayan takardar jarrabawa, da kibiya, ɗaya, biyu, uku. Ya nuna mini maɓallai biyun da ake dannawa tare in an yi kuskure.

Na ninke takardar na sa a cikin ɗankwali. Har na kai ƙofa ya ce, "Allah ya dawo mana da shi lafiya." Ban juya ba, don da na juya da na yi kuka a gaban teburin shugaban makaranta.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Sauri nake yi, rubutun nan ma ya karkace.

Na tura Ann wurin Mama, na kulle ɗaki. Na bi kibiyoyin. Wurin yana nan yadda ya ce, layi biyar. Huɗu na sama duk taurari ne da ɗigo da guntayen Turanci. Don sauri da wauta na goge na farko ban karanta sauran ba. Sai jerin hagu ya cika da tarkace, sunaye barkatai masu lambobi, suna ta zubowa har ƙasa, foldojin shida suka nutse a ciki. Na ce shi ke nan na lalata, na kashe abin da ya rage. Ihu na yi, har Mama ta buga ƙofa. Na ce ɓera ne. Na danna maɓallan nan biyu, komai ya koma.

Na zauna na karanta a hankali, kamar yadda nake ce wa yara su yi. Layi na biyar, kalma ɗaya ce da Hausa: hanya. Na goge ta.

Foldar ta fito a jerin hagu, a saman iri, inda take tun Maris. Sati biyu da kwana ɗaya tana nan a ƙarƙashin katifata, ina kwana a kanta, Yaya Solomon yana can yana yawo a Randagi.

Fayil ɗaya ne a ciki. Kowane layi kashi huɗu: rana, hanya, dalili, dawowa. Kowace tafiya ya rubuta lokacin da ya dawo, har da minti. Na gangara ƙasa. Zan kwafe layin ƙarshe yadda yake:

"Talata 28 ga Mayu. Kutemeshi, in bi ta bayan rafi zuwa Unguwar Bakoji. Wurin Gwaggo Mairama, irin kuɓewar maman Jemima. Kar ta sani sai ya tsiro."

Wurin dawowa babu komai.

Alhamis, 13 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Unguwar Bakoji garinmu ne, inda aka haife ni. Shekara huɗu da muka taso, 'yan tsofaffi ne kawai suka ƙi tashi, cikinsu har da Gwaggo Mairama, ƙawar mahaifiyata. Babu aikin taki a can. Babu wanda zai yi tunanin neman malamin gona a can.

Ga faɗan miyar. Ranar Lahadi kafin ya tafi na yi miyar kuɓewar kasuwa, ta tsinke kamar ruwa. Ya yi dariya. Ni kuwa na hau. Na ce kuɓewar mahaifiyata doguwa ce, ƙwaya biyar ta isa tukunya, kuma tun da ta rasu irin ya ɓace mini. Na ce, "Kana raba wa duniya iri, ni ko ƙwaya ɗaya ta uwata ba ka iya kawo mini ba." Ban nufi komai ba. Bakina ne kawai, yadda ya saba. Shi dai ya cinye tuwonsa.

Na kai wa Yaya Solomon labarin tun da asuba. Na faɗa masa duka, har miyar. Na so ya zage ni. Ya ɗaura hularsa ta kwano, ya ce, "Shiga gida, Maman Ann." Malam Ɗalha ne ya ce zai raka shi, shi ya san mutanen wajen. Wannan ma sai da na ji wani abu a raina. Allah ya gafarta mini.

Juma'a, 14 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Ba su dawo ba. Yanzu mutum uku nake jira.

Asabar, 15 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Sun dawo. Su biyu.

Yaya Solomon ya miƙo mini hular Judah, shuɗiyar nan ta ƙungiya. A cikinta akwai ƙulli a tsumma. Ban kwance ba, na ji ƙwayoyin da yatsa.

Malam Ɗalha ne ya yi bayani. Judah ya isa wurin Gwaggo da azahar, ya ci ɗumame, ta ɓare masa busasshiyar kuɓewa daga wadda take ratayewa a madafa. Ya juyo da la'asar. Washegari masu zuwa rafi suka tsinci hular a gefen hanya, an ɗora dutse a kai, ƙullin a ciki. Ba faɗuwa ta yi ba, ajiye ta aka yi. Gwaggo ta adana, ba ta da wanda za ta aiko, ba sabis.

Ya ce mutanen daji ne suka ɗauke shi, sun zauna a duwatsun bayan rafi kwana biyar. A kwanakin dattawan wajen sun samu magana da su, har mutum biyu suka dawo gida, waɗanda danginsu suka zo. Daga nan suka ƙara gaba cikin daji.

Yaya Solomon ya ce, "Da a ce satin farko muka..." Sai ya sunkuya yana kankare laka a takalminsa. Bai ƙarasa ba, ba kuma sai ya ƙarasa ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, ƙarfe uku na yamma

Yau Babbar Sallah. Saliha ta kawo mana nama da kanta, cinya guda, kamar kowace shekara. Mijinta ya kwana biyu a hanyar da ba wanda ke son bi, saboda mijina, a jajibirin Sallarsu. Na riƙe kwanon na ce, "Maman Hauwa, na yi wa Malam mummunan zato." Ta ce, "Wa bai yi wa wani ba a garin nan? Kawo kwanon, ina da sauran rabo."

Talata, 18 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

Sati uku. Ƙullin yana cikin hular, hular tana kan ƙusa tare da rigar ruwa. Ba na iya kallonsa, ba na iya daina kallonsa.

Alhamis, 20 ga Yuni, ƙarfe goma sha biyu na rana

Malam Ɗalha ya aiko a kira ni daga aji. A zaurensa na tarar da wani makiyayi, sunansa Modibbo, ramamme, ƙafafunsa duk tsaga. Shekaranjiya ya fito daga hannun mutanen daji. Ya ce sun yi kwana goma sha shida wuri ɗaya da wani malamin gona mai yawan magana a kan taki.

Na ce, "Yana da rai?"

Ya ce, "Ranar da na baro shi yana da rai. Ƙafarsa ɗaya ta kumbura, amma yana takawa. Ya ba ni saƙo, ya sa na maimaita har sau uku."

Na riƙe bango. Na shirya jin komai: gafara, ko zargi, ko abin da za a gaya wa Ann.

Modibbo ya rufe ido don ya tuno daidai. "Ya ce a gaya wa Maman Ann, in ƙullin ya iso gida, ta jiƙa shi kwana ɗaya kafin ta shuka. Biyu-biyu a rami, taku ɗaya tsakani. Kar ta jira shi, ruwa ya riga ya zauna."

Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan.

Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ba ta da kyau, ta juye kuka. Mutum yana can inda yake, abin da ya dame shi tazarar rami! In ya dawo sai na ci masa mutunci. In ya dawo.

Asabar, 22 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Na jiƙa jiya, na shuka yau a bayan ɗaki. Ƙwaya arba'in da biyu, rami ashirin da ɗaya. Mama ta fito da kujerarta ta zauna tana kallo, ta ce takuna ya yi gajere, nasa ya fi tsawo. Na sake aunawa.

Ban mayar da layin nan na biyar ba. Foldar tana nan a jeri, kowa ya buɗe zai gani. Kuma duk wanda ya tambaye ni yanzu, a coci ko a kasuwa ko a tasha, ina faɗa masa: ta Kutemeshi ya bi, bayan rafi, Unguwar Bakoji, ranar Talata da la'asar. Ko wani zai san wani da ya san wani. Mai jar hular ma, in na gan shi, zan gaya masa.

Talata, 25 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Dattawan wajen sun aiko cewa ana magana. Ba su ce komai ba bayan wannan.

Juma'a, 28 ga Yuni, ƙarfe shida da rabi na safe

Wata guda.

Bakwai sun tsiro, ganye biyu-biyu, ƙasa a kansu. Ann ce ta fara gani, ta shigo da gudu. Na durƙusa a laka da kayan makaranta na ƙirga su sau biyu.

Ya rubuta kar in sani sai ya tsiro. To, Baban Ann, ya tsiro, na kuma sani.

Na buɗe fayil ɗin, na kai ɗan layin nan mai ƙiftawa wurin dawowa, na bar shi a nan. Batir saura kaɗan. Zan je in ɗora tukunya, da rabonsa.